Zuwa Dundaye Neman Luba

Arkilla

Ranar Asabar, ana idar da sallar asuba na fito daga gida. Mako biyu ke nan Luba ba ta zo aji ba, yarinyar da ke riga kowa ɗaga hannu. Ƙawayenta sun ce babanta ne ya hana ta. Shugabar makarantarmu ta ce a aika masa ya zo, na roƙe ta ta bari in je da ƙafata.

Kwata

Babanta mahauci ne, don haka na tari keke zuwa kwata. Mai keken ya waiwayo ya ce, "Malama, nama da sassahe haka? Suna za a yi?" Na ce mutum nake nema.

Na iske baban Luba, Malam Ummaru, yana fiɗar rago. Da na ce ni malamar Luba ce, sai fuskarsa ta canja.

"Mi tay yi?"

"Ba ta yi komai ba. Kewarta muke yi."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Makaranta ba ta taɓa nemana ba sai in an yi laihi. Ki tai gidana Dundaye, ina tahe."

Dundaye

Hantsi ya yi lokacin da wani keken ya sauke ni, bayan mun ratsa gonakin albasa. Mahaifiyar Luba, Hajo, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura da nono. Ita ta faɗa mini abin da ya faru. Ranar taron iyaye maigidanta ya zo daga kwata da kayan aiki, wasu yara suka toshe hanci, mai gadi ya ce ya tsaya waje. A gaban Luba aka yi.

Bayan azahar ya iso da ƙunshin balangu. Na ba shi haƙuri a madadin makaranta. Sannan na ce, "Malam, na taɓa tambayar aji wa kowa yake so ya zama kamarsa. Luba ta ce kai, don ba ka taɓa komawa gida hannu wofi ba."

Ya juya wajen Luba, da ke zaune kusa da uwarta. "Haka kinka ce?"

Ta ɓuya bayan uwarta tana gyaɗa kai. Ya goge ido da hannun riga.

"Litinin ni zan kawo ta. Amma da kayan aiki zan zo, Malama."

"Ka zo da su. Ni zan tarbe ka."

Gida

Kafin magariba na iso Arkilla, da sauran balangun da Hajo ta tilasta mini ɗauka. Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya, na gode wa mutanen gidan nan da suka karɓe ni kamar 'yar uwa. Ranar Litinin na tsaya a bakin ƙofar makaranta, sai ga su tafe, Luba riƙe da hannun babanta, kanta a sama.