Ba A Wuce Mutane A Kan Keke

Bana shekara tara ke nan da aka kashe yayana, Isiyaku mai faci, a hanyar Zurmi zuwa Dauran. Da gangan na ce aka kashe. A gidanmu an fi son a ce Allah ya yi masa rasuwa, ni ma na yarda kwana ne ya ƙare, amma ba zazzaɓi ne ya kwantar da shi ba. Mutane ne suka harbe shi da hantsi, ido na ganin ido, kuma har yau ba a kira kowa an tambaye shi dalili ba. Duk shekarun nan ban rubuta komai a kansa ba, don na san in na fara ba zan yi magana mai daɗi ba. Abin da ya tayar da ni bana shi ne ɗansa Mu'azu, wanda ya ƙudurta zai hau keken ubansa ya bi hanyar da uban ya saba bi. Ni ne ƙanen uba, don haka a bakina aka tsaya jiran e ko a'a.

Mutanen Kaura da suka manyanta ba sa buƙatar in gaya musu wane ne Isiyaku. Rumfarsa tana daura da tashar jirgin ƙasa, ga kwanon ruwan neman huji, ga famfo, ga tsofaffin tayoyi a rataye. Gajere ne, mai taurin kai, ba ya iya zama wuri ɗaya. Wata shekara, bayan an kai gero da dawa rumbu, ya ce shi zai je ya ga inda ƙasar nan ta ƙare. Aka yi masa dariya a majalisa, wani har ya ce a duba masa magani. Maimakon ya miƙa kudu, sai ya fara yin arewa zuwa Shinkafi, wai ba a auna zane daga tsakiya. Daga can ya juyo, ya ratsa Kaura, ya ɓace mana. Da ya dawo ya rame ya yi baƙi ƙirin, da ruwan teku cike da kwalba, kuma sai da ya sa duk wanda ya yi masa dariya ya ɗanɗana.

Daga nan abin ya zama sana'a ta biyu. Duk bayan kaka sai ya tara masu son ganin ƙasa, malaman makaranta, 'yan tireda, ma'aikatan reluwe, ya yi musu jagora daga Shinkafi har Ikko. Shi ke duba kowane keke kafin a tashi, shi ya san inda ake samun ruwa da inda ake kwana, shi ke bin baya don kada a bar wani a daji da fasasshiyar taya. Na bi shi sau ɗaya, lokacin ina koyarwa a firamare. A cikin ayarin akwai Mista Daniyel, wani tela ɗan Binuwai da ya fi yawancinmu sanin lungunan Kaura, shi ne babban abokin Yaya. Muka bi ta Kasuwar Daji, Gusau, Funtuwa, Birnin Gwari, Tegina, muka haye gadar Jebba muka shiga ƙasar Yarabawa.

Yaya yana da doka ɗaya da ba ya sassauta wa kowa: ba a wuce mutane a kan keke. Duk mun tashi da wannan a gida, in ka zo gaban dattawa ka sauka ka tura, ka gaishe su, sai ka ba su baya ka sake hawa. Amma mu a unguwa muka san shi, shi kuwa ya ɗauke shi ya shimfiɗa a kan ƙasa sukutum. Tsofaffi a gindin tsamiya, sauka. Masallaci ana salla, sauka. Coci ranar Lahadi, sauka. Ka kama gangara mai daɗi, iska na kaɗa maka riga, sai ka ji ƙararrawarsa daga baya, ka ja birki kana cizon haƙora. Cinyoyina sun fi shan wahalar hawa da sauka fiye da taka feda. Wata rana bayan Funtuwa na gaji na yi magana.

"Yaya, in munka riƙa sauka haka, sai damana ta iske mu ba mu ga teku ba."

"Teku ba ya zuwa ko'ina, Malam," in ji shi. "Wanga tsoho kau, ƙila baɗi ba mu iske shi."

Malam yake ce mini in yana son ya tsokane ni. Kusa da Tegina muka tarar ana fitowa da gawa daga wani ƙauye da ban riƙe sunansa ba. Ba mu san mamacin ba, ba mu san kowa ba. Yaya ya sa muka jingine kekuna muka bi sahu, aka yi salla da mu, aka kai shi da mu, Mista Daniyel yana tsaye wajen kayanmu ya cire hula. A garin muka kwana, a zauren gidan makokin, suna cikin kuka suna kawo mana tuwo. Haka tafiyar take tun daga farko har ƙarshe. Ban tuna mun nemi masauki ko sau ɗaya ba. Bayan Ilori ma, inda ba mu jin su ba su jin mu, tsohuwa ta ga baƙi sun sauka sun rusuna mata, ta shiga ta fito da lemo cike da faranti. Ƙasar da na gani a tafiyar nan ba labari aka ba ni ba, na kwana a cikinta na ci tuwonta.

Shi ya sa abin yake ci mini rai. Ku ɗauki sunayen garuruwan da na lissafa ku sake karantawa, ku gaya mini wanne ne mutum zai nufa yau a kan keke, matarsa ta yi masa a dawo lafiya hankalinta kwance. Tsakanin Kaura da Shinkafi sai an tara motoci an jira rakiya. Manomin Katuru yana hango gonarsa, ba shi da ikon taka ta sai da yardar mai bindiga. Zaurukan da ake saukar baƙi an rufe su, wasu an ƙone, masu su suna kwana a makarantun firamare na cikin gari. Yanzu in aka hango baƙo ya doso ƙauye, mata yara suke kwashewa. Masu mulki kuma sukan zo jaje da jiniya, gilashi a rufe, su karanta abin da aka rubuta musu, su juya tun kafin la'asar, don su ma sun san hanyar da suka bar mana. Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce in ya ga wannan. Ina jin ba zai ce komai ba, keke zai ɗauka ya tafi ya gani da idonsa, kuma halin nan ne ya kai shi.

Lokacin da abin ya faru an riga an fara tare hanya, ya ma daina kai mutane Ikko. Ta'aziyya ya je Zurmi, ya kamo hanyar gida zai biya ta Dauran. Wani ɗan acaɓa da ya yar da babur ɗinsa ya kwanta cikin dawa shi ya ba mu labari. Ya ce masu tare hanyar suna zaune a gindin itace da baburansu, bindigogi a kan cinya. Masu zuwa daga nesa suna ta juyawa, wani ma ya ɗaga wa Yaya hannu alamar ya koma. Yaya ya rage gudu, ya sauka, ya kama kan keken yana turawa, ya yi musu sallama. Ba su bari ya kai ƙarshenta ba.

Mutane sun ce bai gane ko su wane ne ba. Ni na san yayana, ya gane sarai. Ya ɗauka duk lalacewar yaro, in dattijo mai furfura ya sauka ya gaishe shi, kunya za ta kama shi. Bai yi tunanin akwai wanda zai harbi mai sallama ba, don shekara da shekaru yana gwada abin daga nan har bakin teku bai taɓa ba shi kunya ba. Kuma yaran nan ba daga sama suka faɗo ba. A dazukanmu da garuruwanmu aka haife su, ba mamaki ya yi wa uban wani daga cikinsu faci. Ina fushi da su, fushin da ban ga ranar hucewarsa ba. Ina fushi da waɗanda suka zuba ido abin ya girma. Wani lokaci, Allah ya yafe mini, har da shi nake fushi, da bai juya ba kamar kowa.

To, bana sai ga wasu samari daga wani kamfani na Abuja, masu shirya wa mutane yawon buɗe ido a kan keke. Sun ji labarin Yaya, suna son su yi tafiya daga arewa zuwa teku da sunansa a bayan riguna, kuma suna son Mu'azu ya zama jagora. Yara ne masu ladabi, na ji daɗin zuwansu har sai da suka bayyana tsarin. Za a loda kekuna a babbar mota a kawo su Kaura da rakiyar sojoji. A sauke a tsohuwar tasha, a hau, a zaga zuwa bakin gari, a ɗauki hoto da manyan baƙi. Sai a mayar da kekunan mota, ba za a sake taka feda ba sai an haye Jebba. Wannan ne suke kira ratsa ƙasa. Ban ga laifinsu ba da suka ji tsoro, mu da ke nan mun fi su jin tsoro. Laifinsu shi ne hoton. Gobe za a buga shi a ce ga masu keke sun tashi daga Kaura lami lafiya, wani babba ya nuna shi a taro ya ce zaman lafiya ya dawo, da sunan mutumin da aka harbe a kan hanyar. Na ce musu su cire sunan yayana daga rigarsu, suka tafi suna ganin tsoho ya cika rigima.

Na zaci magana ta ƙare, ashe farawa ta yi. Mu'azu shi ke riƙe da rumfar yanzu, magidanci ne da mata da 'ya'ya biyu, kuma taurin kan uban ya kwaso duka. Ya ce shi ma ba zai shiga mota ba, amma zai yi tafiyar ta gaskiya shi kaɗai: ya faro daga Shinkafi, ya biya Dauran ya tsaya inda uban ya faɗi, sannan ya miƙa kudu. Ya wanke keken, ya sa sabuwar sarƙa. Mahaifiyarsa ta tako har gidana, abin da ba ta saba ba, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Malam, ka hana shi. Guda na ba hanyag ga, ba ni ba ta na biyu."

Na aika aka kira shi. Ya zo ya durƙusa. Na yi masa tambaya ɗaya: in ya tarar da su zaune a bakin hanya, me zai yi? Na so ya yi mini ƙarya, wallahi da ya ce zai juya ya ruga, da na yi tunani. Sai ya ce:

"Baffa, sallama dai ba ta zama laihi ba."

Nan na faɗi kalmar da ban taɓa zaton za ta fito daga bakina ba. Na ce in ya taka hanyar nan ban yafe masa ba, duniya da lahira. Na ga yadda ta shige shi. Bai yi musu ba, bai ɗaga ido ba, ya ce to, ya tashi. Mista Daniyel, wanda yanzu ido ya yi masa rauni ya bar ɗinki, da ya ji labari ya ce mini, "Malam, ka yi daidai. Amma ka gode Allah Isiyaku ba ya nan." Gaskiya ya faɗa, da yana nan da ya ce na mayar masa da ɗa matsoraci.

In ana waiwaye irin wannan, akan ce mamaci ya bar abin koyi. Yaya bai bar gida na a zo a gani ba, ayarin da yake ja ya watse, hanyarsa ta zama ta masu bindiga. Abin da ya bari shi ne girmama na gaba, ya zuba shi cikin ɗansa har ya cika. Da wannan girmamawar na ɗaure yaron, don na san ɗan Isiyaku ba zai tsallake maganar ƙanen ubansa ba. Na yi amfani da mafi kyawun abin da yayana ya bari na hana a gaje shi, kuma gobe ma haka zan yi. Na fi son Mu'azu ya ƙi ni yana raye. Amma kada wani ya ce mini wannan haƙuri ne ko tawakkali. An tilasta mini ne, kuma waɗanda suka tilasta mini suna barcinsu lafiya.

Kullum da safe yana biyowa ya gaishe ni kafin ya buɗe rumfa, bai fasa ba ko sau ɗaya, sai dai gaisuwar ba ta wuce gaisuwa. Shekaranjiya ne kawai, bayan ya miƙe, ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Baffa, sai yaushe?" Na ce sai hanya ta gyaru. Ya dube ni, na dube shi, mu biyun mun san ni dai da wuya in ga ranar. Ya ce Allah ya kai mu, ya sa takalmansa ya tafi a ƙasa.