Shamuwa ta zo, ruwa bai zo ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha bakwai ga watan Yuni, iska ta kashe taubashina, Malam Abdulmumini, a ƙauyenmu da ke bayan Makoda.

Abdulmumini, kai da ko wajen tuwo sai an jira ka, yau ka riga ni.

Tun muna yara ba ka shuka sai shamuwa ta sauka a kan tsamiyar gidanku. Tana kai karan farko na sheƙa, kai kuma ka ɗauki sungumi ka binne gero a busasshiyar ƙasa, ruwa ya zo ya same shi. Nakan ce maka, "Mijin shamuwa, amaryar ta iso?" Ka ce, "Ta iso, kuma ta fi ki alkawari." Duk shekarar da irina ya ƙare, a rumbunka nake ɗiba. Ba ka taɓa hana ni ba, sai dai ka ce in riƙe bakina har girbi, ni kuwa ban taɓa riƙewa ba.

Bara ka ji a rediyo wai can ƙasar ƙanƙara furanni na buɗewa kafin lokacinsu, tsuntsaye su iso su tarar ƙwarin da 'ya'yansu za su ci sun wuce. Na yi maka dariya, na ce mutumin da Kano ma ke ba shi jiri, ina ruwansa da ƙanƙara?

Bana shamuwa ta zo, ka binne. Aka yi yayyafi, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. 'Ya'yan shamuwa suka ƙyanƙyashe babu fara. Suka riƙa faɗowa ƙasa, tururuwa na cin idanunsu tun suna motsi. Dami ɗaya na iri ya rage maka, irin da ka gada wajen kakanmu.

Da la'asar ɗin Talatar nan gabas ta yi ja. Iska ta yaye kwanon rufin maƙwabta, ya sare wuyan tunkiyar Safara'u matarka kamar an yanka. Iskar ta cire jinkar rumbu ta yi sama da ita. Safara'u na ihu ka dawo, ka ruga ka rungumo damin. Reshen tsamiya ya tsage, da sheƙar da komai, ya danne ka. Sai da aka sa gatari aka ciro ka, haƙarƙari a karye, jini ta hanci ta baki. Damin yana ƙarƙashin cikinka, ko jinin bai jiƙa shi ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya sanyaya kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Safara'u, ɗanka Abdulkabir da ƙannensa, Allah Ya ba mu haƙuri.

Jiya Abdulkabir ya kawo mini damin, ya ce, "Inna, yaushe za mu shuka?" Na ɗaga kai na dubi tsamiya. Babu kowa a kai.