Ranar da Hayaƙina Ya Kai Ƙasashen Waje

Matso kusa ka ji wannan, don ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar nan ba.

Autata tana jami'a a nan Kafanchan lokacin. Aka haɗa su aiki ta kwamfuta da ɗalibai na wasu ƙasashe, a kan yadda za a rage sare itace. Suka ƙera wani ɗan murhu mai cin ɓawon gyaɗa, ita kuma ta rubuta musu cewa gidanmu mun bar itace kwata-kwata. A kan bayanin da za ta yi ranar za a ba ta makin da zai fitar da ita daga makaranta.

Ta ce, "Mama, ƙarfe goma za su shigo ta bidiyo. Don Allah a yi shiru."

Ni kuwa a wurina baƙo baƙo ne, ko a gilashi yake zaune. Yaya mutane za su leƙo gidana su ga tsit kamar an yi rasuwa? Na kira matan zumuntar cocinmu su yi waƙar maraba. Mata sun zo, dole su ci. Murhun nata kuwa ko tukunyar shayi da ƙyar yake ɗauka. Sai na jera duwatsu uku, na tura itace, na ɗora gwaten acca.

Tana gindin mangwaro, don nan ne kawai netwok ke kamawa, tana zuba Turanci. Iska ta juya. Hayaƙi ya rufe ta, ta fara tari.

"Mama! Kin kashe ni!"

"Wa ya mutu? Gaishe su, ki ce gwate ya kusa."

Wata malama mai farin gashi a cikin kwamfutar ta tambaya ko gobara ce. Ga yarinya hawaye na zuba, ban san na hayaƙi ne ko na kunya ba. Can sai ta juya kwamfutar ta nuna musu tukunyata da ɗan murhunta gefe guda, ta faɗi gaskiya: bai isa girkin gidanmu ba.

Sai ga wani ɗalibi daga Indiya yana dariya, wai a gidan kakarsa ma kaza ce ke ƙwai a cikin nasu ɗan murhun. Ashe kowa ɓoyewa yake yi! Malamar ta ce su koma su auna tukwanen iyayensu tukuna. Auta ta ci jarrabawar, amma kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Na koyi cewa ƙarya ko ta iya Turanci, iska ɗaya ce za ta tona ta. To kai fa, me ka taɓa rubutawa a kan gidanku wanda mamanka ba ta sani ba?