Tukunyar Furen Baba Sallau

Wata rana, a garin Jos, wani dattijo da ake kira Baba Sallau ya sauko daga keke napep, rungume da tukunyar fure kamar mai ɗauke da jariri.

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Matarsa ta rasu. 'Ya'ya sun watse, wannan Legas, wancan Fatakwal.

Gidan da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, yanzu gurnanin firji kawai ake ji.

Furen okid ne, autarsa ta kawo masa tsaraba. Irin wanda ba ya son ƙasa, sai ɓawon itace da gutsattsarin gawayi, ruwa ma kaɗan-kaɗan.

Da ya fara yaushi ne Baba Sallau ya kai shi wurin Ladidi, mai sayar da furanni a bakin titi. Ta zare shi daga tukunya, ta sa almakashi ta datse ruɓaɓɓun saiwoyi, ta mayar da shi cikin sabuwar tukunya. Tana aiki yana ba ta labarin tashar Kafanchan, tana ta dariya.

Rabonsa da wani ya saurare shi haka, har ya manta.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo, wai tukunyar ta yi masa kaɗan. Ta sauya.

Ya sake dawowa, wai ta yi yawa. Ta sauya.

Yau ga shi kuma.

Ladidi ta duba saiwoyin, ta shafa ganyen. Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, furen nan lafiyarsa ƙalau. In muka ƙara tumɓuke shi, mutuwa zai yi."

Dattijon ya sunkuyar da kai, yana murza bakin hularsa.

"Na sani, 'yata. To in ban kawo shi ba, me zan ce ya kawo ni?"



Ladidi ta ajiye almakashin. Ta jawo benci, ta turo masa kwanon gawayi.

"Ka bar shi a gida ya huta, Baba. Ni kuwa ina neman mai farfasa min wannan."

Tun daga ranar, kusan kullum za ka gan shi a rumfar Ladidi, hannu baƙi ƙirin, yana farfasa gawayi yana hira.

Amma in yamma ta yi, gida yake komawa.

Ya buɗe ƙofa, ya yi sallama da ƙarfi.

Ya ɗan tsaya.

Sannan ya amsa wa kansa.

Darasi: Ba duk mai zuwa maka da ƙaramar matsala ne matsalar ta kawo shi ba. Wani mutum yake nema. Idan iyayenka suna raye, kada ka bari sai sun ƙirƙiro dalili kafin su ji muryarka.

Ka tura wa ɗan'uwanka. Amma kafin ka tura, kira gida.