Saƙon Rasuwar Da Ya Kwanta A Gaban Filasma

An aike ni in gaya wa mutum mahaifinsa ya rasu, na zauna kallon talabijin a falonsa har aka binne tsohon bai zo ba. Shekaru sun wuce. Har in koma ga Allah ba zan manta da wannan rana ba.

Ni cikin shanu na tashi, a wata ruga bayan Janbako. Ranar da ɓarayin daji suka shigo mana, sun kora shanuna goma sha tara, sun bar mini tabon harsashi a cinya. Ban yi kuka ba. Na ɗauki iyalina muka taka har Tsibiri. A can wani tsoho manomi, wanda ba mu haɗa komai da shi ba, ya ba ni ɗaki biyu da gefen gonarsa. Shekara huɗu ina zaune a inuwarsa bai taɓa goranta mini ba. Yana da ɗa namiji guda, ɗan kasuwar shinkafa a Talata Mafara. Ɗan nan Kawu yake ce mini.

Tsohon ya daɗe yana jinya. A gabana ya faɗa, ba sau ɗaya ba, cewa in ta Allah ta kasance, ɗansa ne zai saka shi kabari da hannunsa. Wata safiya bayan sallar asuba rai ya yi halinsa. Lokacin nan waya ba ta shiga a yankinmu gaba ɗaya, har Mafara da Bakura. Saƙo sai da ƙafa. Ƙanen mamacin ya kira ni gefe, ya ce ni za a tura, don ba na tsoron hanya kuma ba ni da surutu. Ya ce za su jira zuwa azahar, ba za su wuce ba, zafi ake yi. Ya kuma ja mini kunne a kan abin da kowa ya sani: ba a jefa wa mutum labarin mutuwa kamar dutse. Kada in faɗa a gaban iyalinsa, kada in faɗa da abinci a hannunsa. In ce jiki ya tsananta, ana nemansa, sauran ya gane a hanya.

Na ari babur. Da hantsi ina ƙofar gidansa.

Na same shi a falo yana shan koko da ƙosai, matarsa tana shiga tana fita. Muka yi doguwar gaisuwa, gida, gona, mutanen gari, damina. Sai ya ce, "Kawu, ya jikin Baba?"

Na dubi ludayin da ke hannunsa. Na ce, "Da sauƙi."

Haka ake cewa. Ko mutum yana kan gargara haka muke cewa. Niyyata ya aje kwanon nan in ja shi waje. Ya ce alhamdu lillahi, ya sa aka kawo mini nawa kokon. Ya ce in juyo in ga abin da aka kafa masa shekaranjiya.

Na sha ganin talabijin a shagon mai shayi, ɗan akwati mai hoto kamar ana yayyafi. Wannan ba shi ba ne. Filasma ce, faɗinta kamar an cire ƙyauren ɗaki an kwantar a bango. Ya ce faifan satalayit da na gani a kan rufi shi ke jawo hoton daga sama, ba ruwansa da layin waya, wuta kuma ta sola ce. Ya yi ta danna rimot, ƙwallo, labarai, masu wa'azi, yana dariya yana cewa, "Wanga abu, Kawu, har zuhwar mutum kana gani." Duk bai dame ni ba. Sai ya faɗa wata tasha, ya tsaya.

Shanu ne. Wasu makiyaya dogaye, baƙaƙe, a wata ƙasa da ban sani ba, suna fito da garke da sassafe. Ban ji yaren mai bayanin ba, ban kuma buƙata ba. Ina ganin danshin hancin saniya. Ina ganin ƙudan da ke gefen idonta, da kaskar da ta maƙale a bayan kunnenta, har hannuna ya motsa zai cire. Ɗan maraƙi ya yi kuka, kukan ya fito ta bayana, daga lasifikar da aka aje a kusurwa. Na waiwaya da gaske. Maigidan ya yi dariya har da ƙwarewa.

Daga nan aka nuno wata farar saniya mai karyayyen bakin ƙaho na hagu. A da ina da irinta sak, ita ce uwar garkena. Hoton ya matso har na fara ƙirga zoben da ke gindin ƙahonta, don da shi muke gane haihuwa nawa saniya ta yi. Shida. Tawa ma shida ta yi. Na san ba ita ba ce, ni ba mahaukaci ba ne. Amma shekara huɗu ban tsaya kusa da saniya haka ba. In na hangi garke a hanya, kauda kai nake yi. Ranar nan ban kauda ba.

Na ji lokacin da maigidan ya aje kwano. Na ji ya ce zai leƙa Bakura wajen masu shinkafa, in sha kallo, yanzu zai dawo mu yi magana. Na ce a dawo lafiya, ban juyo ba. Na ji tashin motarsa. Ba zan ce ban ji ba. Wani abu a raina ya ce tashi, wani ya ce bari a gama tatsar saniyar nan. Na zauna.

Sai da shirin ya ƙare aka sako tallar sabulu na dawo hayyacina. Kokona ya yi sanyi ban taɓa ba. Inuwar tsakar gida ta tsuke. Na fita a guje, matarsa tana tambaya ko lafiya, ban ba ta amsa ba. Na kama hanyar Bakura. Ban san wurin wa ya je ba. Na bi masu sussuka, na bi masu awo, wannan ya ce yanzu ya bar nan, wancan ya ce ya shiga fadama. Ana kiran azahar na same shi a bakin wata gona, cikin mutane, yana murza shinkafa a tafin hannu.

Duk ladabin da aka koya mini ya zube. A gaban kowa na ce, "Baba ya rasu tun asuba."

Ya yi salati. Ya dube ni. Ya ce, "Tun asuba, Kawu?" Na ce e. Ya bar motar a wurin don hanyarmu ba ta mota ba ce, ya hau bayana a babur. Tun daga Bakura har Maradun har muka shiga Tsibiri gudu kawai nake yi. Ina jin numfashinsa a wuyana.

Sun jira mu har azahar ta gota sosai. Da muka iso, mutane muka tarar suna dawowa daga maƙabarta, wasu da fartanya a kafaɗa. Ƙanen mamacin ya tare mu, ya tambaye ni me ya tsare ni. Na buɗe baki. Ɗan ya riga ni. Ya ce, "Bai iske ni gida ba, Baba. Na tahi Bakura." Ƙanen mamacin ya ce haka Allah ya ƙaddara, har ya sa mini albarka saboda wahalar da na sha. Na karɓi albarkar. Harsashi bai yi mini zafin wannan ba.

Na raka shi kabarin, mu biyu. Ƙasar ba ta bushe ba. Ya durƙusa ya yi addu'a mai tsawo, ya gyara ƙayar da aka ɗora a kai. Da ya miƙe, bai dube ni ba, ya ce, "Kawu, ko a kunne da ka raɗa mini."

Ita ke nan maganar da ya taɓa yi a kai. Bai tona ni ba har yau. Ni na tona kaina wajen ƙanen mahaifinsa bayan sadakar bakwai. Ya ce in nemi yafiyar mai haƙƙi. Na nema. Ɗan ya ce ya yafe. Na yarda ya yafe, amma abin da ya rasa ba ya dawowa.

Ba na ɗora wa filasma laifi, ita aikinta ta yi. Abin da na koya shi ne, ɗan aike ba ya zama sai ya sauke abin da ya ɗauko, kuma kawaicin da zai hana ka faɗin gaskiya a kan lokaci ba ladabi ba ne.

Na kasa ci gaba da zama a ɗakin da tsohon ya ba ni. Bayan kaka na kwashe iyalina. Yanzu ina Bakura, ina gadin wani rumbun shinkafa.