Takardar da Inna Kulu ta ƙi dangwalawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakata, Inna Kulu, wadda ta raine ni a Shinkafi tun mahaifiyata ta rasu ina jinjira. A kwanakin nan da nake jin ana ta muhawara a rediyo kan jami'an tsaron da aka zarga da kisa ko duka, ko ya dace a biya su fansho, ita nake tunawa, zaune kan tabarmarta tana ɓarar gyaɗa.

Ina da shekara tara mahaifina ya rasu. Shi kaɗai ne ɗan Inna. Ya ɗauko buhun gero a babur daga Galadi, gardama ta haɗa shi da wani kofur a shingen bincike, aka kawo shi gida jina-jina, bayan kwana uku ya cika. Aka kori kofur ɗin daga aiki, korar da ta tafi da fanshonsa da giratutinsa. Shi ma ciwo ya ɗauke shi kafin a gama shari'a.

Bayan shekara biyu wata mata ta yi sallama a gidanmu da hantsi. Rifkatu sunanta, ana ce mata Maman Ladi, Kirista ce daga tsakiyar ƙasar nan, tana tuyar ƙosai a Kaura Namoda. Matar kofur ɗin ce. Ta durƙusa tun daga bakin zaure, ta fito da takarda a leda. An gaya mata idan dangin mamaci suka sa hannu sun yafe, ana iya mayar da korar ta zama ritaya, ita da 'ya'yanta huɗu su sami haƙƙin mijinta.

Inna ta sa aka ba ta ruwa. Ta dube ta ta ce, "Tashi, ɗiyata, ƙasa ba wurin zaman baƙo ba ne. Nawa rabon na yafe, duniya da lahira. Amma wagga yarinya ubanta ne. Nata ba ni da ikon bayarwa."

"Mama, ai yarinya ce."

"Awo, shi ya sa. Bari ta girma ta karanta abin da kanta. Ni ko sunana aka rubuta ban gane shi."

Maman Ladi ta tafi tana kuka, maƙwabta kuma suka rabu biyu. Wasu suka ce Inna ta cika taurin zuciya, wasu suka ce ruwan ma bai kamata a ba ta ba. Ban sani ba ko malamai za su yarda da yadda Inna ta fahimci hukuncin. Abin da na sani, duk kaka sai ta auna dawa ta ba direban Kaura ya kai wa matar. Na taɓa tambayarta dalili, sai ta harare ni ta ce, "'Yar boko, yaran nan ne suka tsare hanya?"

Ba ta taɓa gaya mini abin da zan yi ba. Har ta rasu ina da shekara goma sha biyar, ko sau ɗaya ba ta ce ki yafe ko kar ki yafe ba. A lokacin na ji haushin nauyin da ta bar mini. Nakan zauna a aji ina kallon tsuntsaye kan dalbejiya, ina tsara amsar da zan bayar, yau e, gobe a'a.

Da na shiga sha tara na tafi Kaura da ƙafata. Na sami Maman Ladi a bakin kasko, furfura ta fara fito mata. Takardar tana nan a ledarta, ta yi laushi don ninkewa. Na karanta a tsaye. A layi na uku an rubuta cewa mu dangin mamaci ba mu zargin kofur da komai, mahaifina faɗuwa ya yi daga babur.

Da Inna ta dangwala yatsa a ranar, da abin da ta shaida ke nan ba tare da ta sani ba. Maman Ladi ma ba ta sani ba, wani mai rubuta wasiƙu ne ya tsara mata.

Na karɓi biro na rubuta wata a bayan littafina: mun ga raunukan da idonmu, muna da yaƙinin wanda ya yi su, mun kuma yafe, kada a hana iyalinsa abin da ya yi wa aiki shekaru. Na karanta mata. Na ce mai yiwuwa wannan ba za ta yi ƙarfin waccan ba a ofis.

Ta juya ƙosanta. Sannan ta ce, "Bar ta haka, ɗiyata. Ni ma na gaji da cewa faɗuwa ya yi."

Da Inna na raye ta ji muhawarar yau, ina jin ba za ta shiga kowane ɓangare ba. Masu cewa a biya kowa a rufe zance, za ta tambaye su wa ya ba su ikon yafe jinin wani. Masu cewa a hana har abada, za ta tambaye su mi matar da yaran suka yi. Ba ta yarda a sayi tausayi da ƙarya ba, ba ta kuma yarda a yi horo da yunwa ba.

Takardar ta yi shekara uku tana yawo tsakanin ofisoshi. A damunar bana Maman Ladi ta kira ni, ta ce haƙƙin ya fito, a kan takardar da na rubuta, ba a goge ko kalma ɗaya ba. Iyalin kofur sun sami abin rufin asiri, mahaifina kuma yana cikin fayil ɗin gwamnati a yadda ya mutu. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba ce ta tsare mana duka biyun. Allah Ya jiƙan Inna Kulu, Ya haskaka makwancinta.