Hayaƙi Suke Bi

Waltraud ba 'yar Oberlinda ba ce, kuma mutanen Oberlinda ba su taɓa bari ta manta ba. A garin ta haifi 'ya'yanta, a garin ta binne surukanta, a garin kanta ya yi fari fat, amma har gobe in ana zancenta sai ka ji an ce "'yar benen nan." Laifinta ɗaya ne. A birni aka haife ta, a saman wani dogon bene marar tsakar gida, inda uwarta ke gasa bratwurst a obin. A obin fa! A ƙasar Turingiya gara a ce uwarka ta saci kajin maƙwabta.

Su a wurinsu wannan sosej ɗin, naman alade da ake niƙawa da kayan ƙamshi a ɗura a hanji, ba ya ciyuwa sai a kan gawayi, a waje, kuma daga hannun namiji. Mace ta yanka burodi, ta kawo mastad, ɗan yajin da ake shafa wa nama, in an watse ta kankare ragar gashi. Ba a kuma aika gayyata. Asabar ɗin farko da ƙanƙara ta narke, gidan da hayaƙi ya tashi can maza ke nufa, kowa da kwalbar giya biyu, ɗaya tasa ɗaya ta maigida. Tun Waltraud tana amarya har ta tsufa, gidan mijinta Eberhard ne gidan hayaƙi.

Eberhard direban motar katako ne, mutum mai sanyi, wanda ba ya iya ce wa kaza kas. Amma in ya ɗaura ƙyallen gashin nama a ƙugu ya tsaya gaban ragar da ya gada daga ubansa, sai ya zama wani. Da yatsu yake juya sosej, ba ya taɓa awartaki. Ba mai matsowa kusa da wutarsa. Nasa ba ya fashewa, ba ya ƙonewa, ciki ya nuna luguf, waje ya yi ja. In an tambaye shi sirrin sai ya ɗaga kai wajen tagar kicin ya kira matarsa da sunan da shi kaɗai ke kiranta, ya ce, "Traudel, sun huta?" Ita kuma ta fito da kwano lulluɓe da farin ƙyalle. Garin duka ya yarda cewa sirrin shi ne a bar nama ya huta a ɗaki kafin ya ga wuta.

Hutun banza! Shekarar farko da ubansa ya miƙa masa ragar, Eberhard ya ƙone komai ƙurmus, ciki kuwa ɗanye shar, tsohon ya tofar a gaban jama'a ya ce ya haifi asara. Ranar Waltraud ta tarar da angonta a bayan rumbun itace yana kuka kamar yaro. Da shekara ta zagayo ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kunna obin ƙasa-ƙasa yadda uwarta ke yi, ta zuba ɗan ruwa a tire, ta jera su ba ta huda ko ɗaya ba, ta bar su har suka ɗaure ciki ya nuna, sannan ta tsoma su a giya ta lulluɓe. Abin da ya rage wa maigida shi ne ya ba su launi. Bai tambaya ba, ba ta faɗa ba. Haka aka yi ta yi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ita tana gumi a kicin da taga a rufe kada ƙamshi ya tona ta, shi yana waje ana dukan kafaɗarsa.

Ba ta yi da-na-sani ba, sai dai haushi. Haushin kuwa ta iya shi. Ta yi aikin girki a makarantar garin har ta yi ritaya, yaran da suka ci miyarta yanzu su ne masu tumbi da ke tsayawa a tsakar gidanta suna cewa mace ba ta san wuta ba.

Da kakar da ta wuce ɓarin jikin Eberhard na dama ya shanye. Hannun gashin nan ya kwanta a cinya kamar ba nasa ba, magana ta tafi sai 'yan kalmomi. 'Ya'yan suka zo daga birni suka yi kuka suka koma. Abokai suka leƙo asibiti sau ɗaya, shi ke nan. Duk tsawon sanyin nan ba namijin da ya tako gidan. Ba wai mugunta ba ce, in ji su, ba su san abin da za su ce masa ba ne. Eberhard ya wuni a keken guragu bakin taga yana kallon ƙanƙara, yana ramewa, in ta kawo abinci ya ci loma biyu ya ture. Kalma ɗaya ce ba ta ɓace masa ba. Kullum da safe sai ya dube ta ya ce, "Asabar?"

"Tana nan zuwa," take cewa. "Za su zo. Ci abincinka."

Ta san abin da ke riƙe da shi ke nan. In Asabar ɗin nan ta zo tsakar gidan ba kowa, to mutumin nan ba zai ga wata ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana gobe Asabar ɗin, sai ga Detlef, ƙanin Eberhard, da baro. Bai ko shiga ya gai da yayansa ba, ya wuce kai tsaye wurin ragar.

"Lafiya, Detlef? Ko ɓatan hanya ka yi?"

"Matar yaya, ragar Baba na zo ɗauka. Gobe a gidana za a yi."

"A gidanka? Yayan naka mutuwa ya yi ban sani ba?"

"Haba, kada ki mai da abin faɗa. Wa zai tsaya a wuta? Ke?" Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To ka zo nan ka gasa mana. Ga raga, ga gawayi, ga shi nan a taga yana jira."

"Mutane ba sa sakewa a gaban marar lafiya. Ki turo shi can in kin ga dama."

"In na ga dama! Kai da ko ruwan zafi ba ka iya ba. Ɗauki, ɗauki tsiyarka. Ni zan ciyar da su, a obin ɗina."

"A obin?" Detlef ya ɗaga hannu sama. "Allah ya jiƙan Baba da bai ga wannan rana ba. Ai ɗan bene ko ya sauko ƙasa hankalinsa na sama."

Ya tura baronsa ya fita, ƙarfen yana ƙara a kan duwatsu. Eberhard ya gani ta taga.

Asabar ta waye garau. Waltraud ta kunna obin, wannan karon ta buɗe taga wangale, ta gasa sosej ɗin har ƙarshe, ta juya su suka yi ja ta ko'ina, mai yana tsatstsafowa. Ƙamshi ya cika layi. Ta yi wa Eberhard aski, ta sa masa rigarsa ta coci, ta jera kujeru. Sai ga hayaƙi ya tashi can saman tudu, gidan Detlef. Tana tsaye a ƙofa maza suka dinga wucewa da kwalabensu. Wasu suka ɗaga mata hula, wasu suka tsallaka ɗaya gefen hanya. Hatta Gottfried, aminin Eberhard tun suna yara, ya wuce yana kallon takalminsa.

Zuciya ta ɗebe ta. Ta ninka bargo a cinyar mijinta, ta ɗora tiren da zafinsa, ta turo keken har saman tudun tana haki tana zagi.

Abin da ta tarar ya fi komai ƙona mata rai. Sosej ɗin Detlef duk sun fashe, baƙi ƙirin a waje, jini-jini a ciki, amma ga ƙarti nan suna ci suna lashe yatsu suna shewa, daidai yadda suke yi a gidanta. Da suka ga keken sai shewar ta mutu. Gottfried ya matso, ya tsallake kan amininsa ya tambaye ta, "Yaya jikin nasa?"

"Ga shi nan gabanka, kurma ne? Tambaye shi."

Detlef ya leƙa tiren. "Jama'a, matar yaya ta kawo abincin asibiti. Akwai marar haƙori a cikinku?"

Aka tuntsire. Eberhard ya kama wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya, ya matse, yana girgiza kai. Ya san abin da ke bakinta. Ta fizge.

"Abincin asibiti ko? To duk kun ci shi, marasa kunya! Tun ba ku da gemu kuke cin sa! Wane sosej ne ya taɓa hawa ragar nan bai fara kwana a obin ɗina ba? Sun huta, sun huta! A gidan uban wa nama ke hutawa? Ni ce! 'Yar bene ce ta ciyar da ku, kuna cika baki da gawayi. Shi launi kawai yake sa musu!"

Magana zarar bunu. Kalmar ƙarshen nan tana fita ta so ta kamo ta, ina. Ba wanda ya dube ta, Eberhard suka duba, shi kuma ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja. Gottfried ya ce a hankali, "Ba a yi wa mutum haka a gaban abokansa, Waltraud." Maza suka juya wa wuta fuska ɗaya bayan ɗaya.

Irmgard, maƙwabciyarta, da ke yankan burodi a gefe, ta ɗauki ɗaya daga tiren ta gutsura, ta raɗa mata a kunne, "Ke kaɗai kika zaci kina da obin a garin nan? Amma wa ya aike ki ki faɗa?"

A gida Eberhard ya juya keken da kansa, da hannu ɗaya, ya fuskanci bango. Ta kawo masa a faranti, ya ƙi ko kallo. Ta ce, "Don kai na yi." Bai juyo ba. Ta ce, "To yi fushin, ni ma na iya." Abu ɗaya ya rage wa bawan Allah nan a duniya, sunansa, ita kuma ta ɗauka ta yi jifa da shi don ta sami Detlef. Ta ji haushin Detlef, ta ji haushin garin, amma wanda ya fi ci mata rai nata ne.

Ta fita tsakar gida don kada ta fasa wani abu. Ga bulo nan tsirara inda ragar take, ga kujerun da ta jera ba kowa. Ta tattaro jiƙaƙƙun ganyayen bara da ba wanda ya share, da rassan tuffa, ta tula a gurbin ragar. Ta koma kicin ta ɗauko farin ƙyallen nan na lulluɓe kwano, ta cusa a ƙasa, ta ƙyasta ashana. "Ƙone," ta ce, "kai ma ka huta." Ganye jiƙaƙƙe ba ya ci da wuta, sai hayaƙi. Ya turnuƙe fari fat, ya haye rufin gida, tana tsaye tana tari tana hawaye.

Ƙofa ta yi ƙara. Gottfried ne, da kwalba biyu.

"Me kuma?" ta ce.

Ya sosa ƙeya. "Na ga hayaƙi."

"Shara nake ƙonawa! Shara, Gottfried! Ka ga nama a nan?"

"To... ai hayaƙi ne." Ya wuce ta ya shiga ɗaki, ta ji yana cewa, "Kai malalaci, wuta na ci kana kallon bango?" Ya turo keken waje, ya buɗe kwalba ya sa a hannun hagun. Bai gama ba sai ga wasu biyu, sai ga wasu. Suka kewaye tulin shara suna murza ido, wani ya ɗauki sanda yana gyara wutar, wani yana ce masa ba haka ake yi ba. Ba wanda ya tayar da zancen tudu. Waltraud ta tsaya baki buɗe. Ashe duk shekarun nan da ta yi tana gumi a bayan rufaffiyar taga, da tsumma ta ƙona ma da sun zo.

Eberhard ya kurɓi giya, rabi ya zubo a rigar coci. Ya ɗago kai, ya neme ta da ido, bakinsa ya yi ta kokawa kafin ya fito.

"Traudel... sun huta?"

Da akwai abu a hannunta da ta jefe shi. Ta shiga ta ɗumama su, ta juye a kwanon, ta miƙa hannu wurin ƙyalle, sai ta tuna. Haka ta fito da su a buɗe, kowa yana gani. Ta fara sa wa mijinta a burodi. Ya cinye tas, ya miƙo hannu a ƙara.

Gottfried ya gutsura, ya lumshe ido, ya daki kafaɗar amininsa.

"Kai, Eberhard! Duk garin nan ba mai gashi kamarka."

Waltraud ta koma kicin ta buga murfin obin da ƙarfi har tagar ta girgiza, sannan ta jera wani tiren.